FITILAR BAYAN MOTA: KO ƊAN SANDA YANA DA IKON TSAI DA DIREBA SABODA ITA?

Sau da yawa akan ji direbobi a tasha suna gardama a kan wannan magana. Wani ya ce, "Lasisina yana nan, takardun motata sun cika, birkina yana ci. Don me za a tsai da ni saboda ɗan ƙwan fitila guda?" To, amsa ita ce, i, ɗan sanda yana da iko. Amma ikon nan yana da dalili, yana kuma da iyaka. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Amfanin fitilar baya

Fitilun gaba domin direba aka yi su, ya ga hanya. Fitilun baya kuwa domin wanda ke biye da shi aka yi su. Akwai ja mai ci kullum in an kunna fitilun dare. Akwai fitilar birki, wadda ke ƙara haske in an taka birki. Akwai sigina mai ƙiftawa, mai nuna inda mota za ta juya. Sa'an nan akwai 'yar ƙarama mai haska lamba. Da waɗannan ne mota ke yi wa na bayanta magana. In sun mutu, ta zama bebiya.

A duba wannan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin wajen mita 28 a daƙiƙa guda. Daga lokacin da direba ya ga abu a gabansa zuwa lokacin da motar ta tsaya cik, ko da hanya a bushe take, sai ta ci fiye da mita 70. Fitilar ƙasa kuwa ba ta cika haskawa nesa haka ba. Watau in babbar mota tana jan ciki a hanyar Zariya zuwa Kano cikin dare ba jar fitila a bayanta, kafin mai ƙaramar mota ya gan ta, wurin tsayawa ya riga ya ƙure masa. Abin ya fi muni lokacin hunturu, sa'ad da hazo ke rufe hanya, da kuma damina in ana sheƙa ruwa.

Ko fitila guda ce ta mutu, akwai haɗari, gama na baya yana iya zaton babur ne a gabansa, ya zo wucewa ya daki gefen da ba haske.

Abin da doka ta ce

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988. Dokar hukumar ta shekarar 2007 ta lissafa hawa hanya ba tare da fitilu da alamun da ake bukata ba cikin laifuffukan hanya, ta kuma yanka masa tarar Naira 2,000. Ƙa'idodin Hanya na Ƙasa na shekarar 2012 su ma sun wajabta fitilun baya masu aiki. 'Yan sanda kuwa, Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta ɗora musu hana laifi, da tsare rai da dukiya, da tabbatar da bin doka. Saboda haka in ɗan sanda mai kaki, ko ma'aikacin kiyaye haɗurra, ya ga fitilarka a mace, ya ga laifi ke nan da idonsa. In ya ɗaga maka hannu, tilas ka tsaya. Ƙin tsayawa wani laifi ne dabam.

Kada kuma ka ce, "Ai ban sani ba." Gaskiya ne direba ba ya ganin bayan motarsa yana tuƙi, amma duba mota kafin a tashi hakki ne a wuyansa. Haka nan kada ka ce, "Ai rana ce." Birki da sigina ba su san dare ko rana ba.

Iyakar ikon

Amma fa tsayarwa dabam, bincike dabam. Mutuwar fitila dalili ce ta a tsai da kai, a nuna maka laifinka, a duba lasisinka da takardun mota. Ita kaɗai ba ta zama dalilin a zazzage kayanka ko a lalube aljihunka ba. Dokar 2020 ta ce kafin ɗan sanda ya yi bincike, sai yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zaton akwai kayan sata ko haramtaccen abu. Sai kuma ya faɗi sunansa, da ofishin da ya fito, da abin da yake nema. Dokar ta ƙara da cewa shekarun mutum, ko irin askinsa, ko tufafinsa ba su isa dalilin zargi ba.

Abu na biyu, ba a biyan tara a hannu a bakin hanya. Ma'aikacin kiyaye haɗurra takardar laifi yake rubutawa, ka je ka biya cikin asusun Gwamnati, ka karɓi rasit. In ba ka yarda ka yi laifin ba, kana da damar zuwa gaban alƙali ka faɗi hujjarka. Ɗan sanda shi ma ko ya yi maka gargaɗi, ko ya kai maganar kotu. Wanda ya miƙa 'yan kuɗi don a ƙyale shi, da wanda ya karɓa, duka sun yi laifin cin hanci. Bayan haka kuma fitilar tana nan a mace, haɗarin bai gushe ba.

In an tsai da kai

Ka rage gudu, ka ba da sigina, ka raɓe gefen dama, gama tun 1972 a Nijeriya hannun dama ake bi. Ka yi gaisuwa, ka tambayi dalili cikin ladabi. In an ce fitilarka ce, ka nemi a nuna maka. In gaskiya ne, kada ka yi musu. In kuwa ka ga an wuce gona da iri, kada ka yi faɗa a hanya. Ka riƙe sunan ma'aikacin da lambarsa, da wurin da lokacin, ka kai ƙara wurin shugabansa.

Rigakafi

Kowace safiya ka kunna fitilu, ka sa yaron mota ya tsaya a baya, ka taka birki, ka gwada sigina hagu da dama. In kai kaɗai ne, ka juya bayan motar kusa da bango da magariba, za ka ga jan haske a jikinsa. Ka goge ƙura da laka daga gilasan. Yawanci ƙwai ne ya ƙone, ko fis ya yanke, ko waya ta saki, mai wayarin kuwa zai gyara nan da nan. Ka riƙa ajiye ƙwai ɗaya ko biyu a mota. Wanda ya gaya maka fitilarka ta mutu bai cuce ka ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Tambayoyi

1. Domin wa aka yi fitilun baya?
2. Mita nawa mota ke ci a daƙiƙa guda in tana gudun kilomita 100 a sa'a?
3. Mene ne bambanci tsakanin tsayarwa da bincike?
4. Ina ake biyan tara?

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa 'yan'uwansa a tasha. In kunne ya ji, jiki ya tsira.