Darasi: Shaidar Ƙasusuwa

Karatu: Yohanna 19:31-37, Fitowa 12:46, Zabura 34:20.

Duk wanda ya taɓa ganin maɗori a bakin aikinsa a nan Bauchi ya sani ƙashin mai rai yakan kama. Bayan makonni kaɗan sabon ƙashi ya tsiro a wurin karayar, ya bar tudu wanda hannu ke ji. Idan mutum ya mutu nan take, babu wannan tudu. Masana sukan duba bakin karayar: ɗanyen ƙashi yakan karye a karkace, bakinsa sumul, busasshe kuwa yakan farfashe, bakin ya fi sauran ƙashin haske.

A shekara ta 1968 aka buɗe wani kabari a Giv'at ha-Mivtar, a Urushalima. Cikin wani akwatin dutse aka iske ƙasusuwan wani Bayahude na ƙarni na fari, sunansa Yehohanan. Ƙusar ƙarfe mai tsawon santimita 11.5 tana kafe a ƙashin diddigensa, tsininta a lanƙwashe. An gicciye shi.

A 1970 Nicu Haas ya ce an karya ƙwaurinsa da bugu tun yana kan gicciye. Wannan ya yi daidai da abin da sojoji suka yi wa mutum biyu da aka gicciye tare da Ubangijinmu, domin su hanzarta mutuwarsu. Amma a 1985 Joseph Zias da Eliezer Sekeles suka sāke dubawa, suka ce karayar ba ta isa shaida ba, gama tana iya faruwa bayan mutuwa.

Ku lura da kyau, 'yan'uwa. Ƙusar ta tabbatar Romawa sun kafe mutane da ƙusoshi, kuma an yarda a binne gicciyayye cikin kabarin dangi. Iyakarta ke nan. Kada mu sa ƙashi ya faɗi abin da bai faɗa ba. Yohanna ya rubuta abin da aka gani da ido: ba a karya ƙafafun Yesu ba, gama ya riga ya mutu.

Tambayoyi
1. Don me Yahudawa suka roƙi Bilatus a karya ƙafafun?
2. Mene ne dokar ɗan ragon Idin Ƙetarewa ta koya mana game da Almasihu?
3. Ka taɓa ƙara gishiri cikin shaida domin ka ci gardama?