Neman Kayan Gyaran Tsohon Garmaho

Garmaho, wato na'urar da ake yi wa wani da hannu ta fitar da sauti daga faifai ba tare da lantarki ba, yana cikin kayan tarihin da suka fi wuyar gyara, domin kamfanonin da suka ƙera shi, irin su Victor da aka kafa a Amurka a 1901 da Gramophone Company na Ingila mai tambarin His Master's Voice, sun daɗe da daina ƙera kayansa. Akasarin asarar da masu gyara ke tafkawa tana faruwa ne saboda sayen kaya kafin a tantance ainihin na'urar da ke hannu.

Matakin farko shi ne duba ƙaramin allon ƙarfe ko tambarin da ke ɗauke da samfuri da lambar na'urar, sannan a ɗaga katakon da faifai ke juyawa a kansa a duba injin, saboda ƙananan kamfanoni da yawa akwati kawai suke haɗawa, su sayo inji daga Garrard na Ingila ko Thorens na Siwizalan, don haka sunan da ke jikin inji ya fi wanda ke jikin murfi amfani wajen cigiya. Wajibi ne kuma a san irin faifan da aka ƙera na'urar dominsa. A tsarin Emile Berliner, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1887, allura tana kaɗawa hagu da dama a cikin layin faifai, alhali a faifan Diamond Disc na Edison sama da ƙasa take motsawa, kuma bakinta na lu'ulu'u ne. Allurar ƙarfe tana lalata irin wannan faifai nan take.

Wasu kayan har yau ana ƙera sababbinsu, kuma ba su da tsada. Allurar ƙarfe tana cikinsu, kuma ƙa'ida ita ce a sauya ta bayan kowace fuskar faifai, domin da zarar bakinta ya cinye sai ta koma cin faifan. Haka nan robar da ke riƙe tantanin kan garmaho, wato siririn faranti na ma'adinin maika ko alminiyom da ke mayar da motsin allura sauti, takan bushe ta ƙandare, musamman a wuri mai zafi, sai murya ta riƙa karkarwa. Sau da yawa sauya wannan roba kaɗai ya isa.

Sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ajiye ƙarfin wani, shi ne ya fi bukatar natsuwa. Ba da sunan kamfani kawai ake odarsa ba, sai an auna faɗinsa da kaurinsa da tsawonsa, an kuma lura ko bakinsa rami ne ko ƙugiya. Idan inji yana bugawa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa yayin da faifai ke juyawa, galibi tsohon giris ne ya daskare, sifirin kuwa lafiyarsa ƙalau, wanki da sabon giris yake bukata. Ciro shi daga gwangwaninsa aiki ne mai haɗari, domin yakan warware da ƙarfin da zai iya tsaga yatsa ko ya taɓa ido, saboda haka ƙwararren mai gyaran manyan agoguna ya fi dacewa da shi.

Matsala ta gaske tana ga sassan da aka zuba da gaurayen ƙarfe mai arha a shekarun 1920, wanda ke kumbura ya tsage da kansa, kuma walda ba ta cika kama shi ba. A nan sai a nemi mataccen garmaho iri ɗaya a ciro na jikinsa, ko a tuntuɓi ƙungiyoyin masu tara waɗannan na'urori, kamar City of London Phonograph and Gramophone Society. Sai dai a yi hattara da jabun garmaho masu ƙahon tagulla mai ƙyalli da tambarin kare na His Master's Voice, waɗanda ake harhaɗawa a Indiya da tarkacen injuna daban-daban, domin galibi kayansu ba sa shiga na asali. Duk abin da aka cire, ko da karyayye ne, a adana shi, domin da shi za a gwada wanda za a saya.