Takin Da Ake Samu Daga Iska

Iskar da ke kewaye da duniya ba iri ɗaya ba ce, gauraye take. Cikin kashi 100, wajen kashi 78 wata iska ce da ake kira naitirojin. Ita ce abincin da dawa da gero da masara suka fi bukata, amma ba su iya shan ta daga sama, ko da gona ta cika da ita. Sai an mai da ita taki tukuna.

A shekarar 1909 wani Bajamushe mai ilmi, Fritz Haber, ya gano hanyar haɗa ta da wata iska mai suna haidirojin, su zama amoniya. Carl Bosch kuwa ya gina masana'antar farko a Oppau, cikin Jamus, a 1913. Da amoniya ake yin takin yuriya wanda manoma ke saye a buhu.

Haɗin yana da ƙa'ida. Kilo 28 na naitirojin da kilo 6 na haidirojin su ke ba da kilo 34 na amoniya, ba ragi, ba ƙari.

To, amma iskokin nan biyu suna da taurin kai. Sai an matse su ƙwarai cikin tukunyar ƙarfe, an ba su zafi wajen digiri 450, an bi da su ta kan ƙwayoyin baƙin ƙarfe masu gaggauta aikin. Duk da haka ba su haɗuwa duka, gama yayin da waɗansu ke haɗuwa, wata amoniyar tana warwarewa ta koma yadda take dā. In haɗuwa da warwarewa suka yi kunnen doki, amoniya ba ta ƙara yawa. In an ƙara zafi, warwarewa ta yi rinjaye. In an rage, aiki ya yi nawa.

Saboda haka, in mudu 100 ya shiga tukunya, kamar mudu 15 kaɗai ke haɗuwa. Sauran 85 fa, a zubar? A'a, wannan ai ɓarna ce. Mai daka ba ta zubar da tsaki. Takan tankaɗe, gari ya faɗa ƙwarya, ta mai da tsakin turmi. Haka ake yi a nan. Akan sanyaya iskar har amoniya ta zama ruwa, a tsiyaye ta. Mudu 85 ɗin nan kuwa a mai da su tukunya, a cika da sabon mudu 15, su sake zama 100.

Saura abu guda. Wata iska mai suna agon takan biyo naitirojin ta shiga, ita kuwa ba ta haɗuwa da kome, kamar tsakuwa cikin tsaki. Kowane zagaye sai ta ƙara taruwa, har ta tare wuri. Don haka akan buɗe 'yar ƙofa a riƙa fitar da iska kaɗan, gwargwadon yadda agon da ke fita za ta yi daidai da wadda ke shiga.