Darasi A Kan Ruwan Sukari Mai Ƙamshin Ganye

Kowa ya san abin da ya kan faru idan an zuba sukari cikin zoɓo mai sanyi. Sai a yi ta juyawa da cokali, amma sukarin ya ƙi narkewa, ya kwanta a gindin kofi. Maganin wannan kuwa shi ne a narkar da sukarin tun da wuri bisa wuta, a ajiye shi a kwalba. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Iyayenmu mata sun daɗe suna dafa ruwan sukari da lemun tsami don tsoma alkaki da dubulan. Abin da za mu ƙara a nan shi ne sa masa ƙamshin ganye, da kuma sanin dalilin kowane mataki, domin malami na ƙwarai ba ya koyar da abin da bai san dalilinsa ba.

Kayan Aiki

Ana bukatar sukari, da ruwa mai tsabta, da tukunya mai murfi, da rariya ko farin ƙyalle, da kwalba mai marfi. Kayan ƙamshi kuwa iri biyu ne. Akwai masu taushi, watau na'ana'a, da ɗoɗɗoya, da ciyawan nan mai ƙamshin lemun tsami da a ke sa wa shayi. Akwai kuma masu tauri, kamar citta da kanumfari da kimba. Duk ana samunsu a kasuwar Kure, ba sai an je nesa ba. Wanda ya ke so ya iya amfani da mazarƙwaila maimakon farin sukari, sai dai ruwan zai yi duhu, kuma lalle ne a tace shi da kyau.

Yadda A Ke Yi

Da fari a auna sukari kofi 1, ruwa kofi 1, da kofi guda ɗaya. Kada a auna sukari da gwangwanin madara sa'an nan a auna ruwa da moɗa. A haɗa su cikin tukunya, a ɗora bisa wuta marar ƙarfi, ana juyawa har ƙwayar sukari ta ɓace, ruwan ya yi garau. In ya tafasa minti 1 ko 2 ya isa.

In da kayan ƙamshi masu tauri za a yi, sai a daddaka su sama-sama, a zuba tun da fari, a bar su su dahu a hankali kamar minti 10. In kuwa ganye ne mai taushi, a wanke cikin hannu guda, a sauke tukunya tukuna, kana a zuba, a rufe, a bar shi minti 30. Dalili shi ne, ƙamshin ganye wani ɗan mai ne da ke cikinsa, wanda ya kan bi tururi ya gudu. In ka ji gida duka ya ɗauki ƙamshin na'ana'a, to, ƙamshin da ya kamata ya zauna a tukunya ke nan ya fita. Citta da kanumfari kuwa ba su sakin nasu sai sun ji wuta.

Bayan wannan a tace sarai, kada a bar ko ɗan guntun ganye, gama daga nan ruɓa ta kan soma. A matsa lemun tsami kamar ƙaramin cokali 1, shi ne zai hana sukarin komawa ƙanƙara a gindin kwalba. Ita kuwa kwalbar, a dafa ta da marfinta cikin ruwa minti 10, a kife ta ta bushe. Sa'an nan a ɗura, a rufe, a rubuta kwanan wata a jikinta.

Abin Da Ke Hana Shi Lalacewa

Ga inda ya kamata a mai da hankali. Ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci, waɗanda ido ba ya gani, ba su iya yaɗuwa sai da ruwa. Idan sukari ya yi yawa, sai ya riƙe ruwan, har ma ya tsotse wanda ke jikin ƙwayoyin. Shi ya sa zuma ta kan daɗe ba ta lalace ba. Amma idan sukari kaɗan ne cikin ruwa mai yawa, sai ya zama abincinsu, su yi ta haihuwa. Ashe ke nan mai rage sukari don tsimi ya yi hasara biyu.

Ruwan da aka yi kofi 1 da kofi 1 ya kan yi mako 2 zuwa 4 cikin firiji. Wanda aka yi da sukari kofi 2 da ruwa kofi 1 ya fi daɗewa. To, amma mu tuna a Minna mu ke, inda zafin watan Maris ya kan wuce digiri 35, wutar lantarki kuma ba kullum a ke samunta ba. Wanda ba shi da wurin sanyi ya yi mai kaurin, ya yi kaɗan, ya ƙarar cikin kwana 2 ko 3. In an ga ruwan ya yi gauri, ko yana kumfa, ko ya yi warin tsami, ko funfuna ta fito a kansa, a zubar duka. Kada a kwashe na sama a sha na ƙasa.

Amfaninsa, Da Gargaɗi

Mai citta ya dace da zoɓo da kunun zaƙi. Mai na'ana'a ya dace da ruwan lemun tsami da shayi. Mai kanumfari kuwa a yayyafa shi a kan funkaso ko waina.

Sai dai fa sukari sukari ne, ko da ya narke ya ɓace wa ido. Babban cokali 1 na wannan ruwa yana ɗauke da sukari wajen giram 8, watau ƙananan cokula 2. A shekarar 1989 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara ba da shawara a rage sukari, a 2015 kuma ta sake ƙarfafa ta: kada sukarin da a ke ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ga babban mutum wannan wajen giram 50 ne, ƙananan cokula 12. Saboda haka a riƙa aunawa da cokali, kada a tuttula daga kwalba. Mai ciwon sukari kuwa ya bi abin da likita ya gaya masa.

Ga Malamin Gobe

'Yan'uwa ɗalibai, gobe za a tura mu makarantun da babu ɗakin gwaje-gwaje. Kada wannan ya karya mana zuciya. Da tukunya ɗaya da kwalabe 3 za a koya wa yara awo da tsabta da ilmin kimiyya. A kwalba ta fari a sa sukari kashi 1, ruwa kashi 4. A ta biyu, kashi 1 da kashi 1. A ta uku, sukari kashi 2, ruwa kashi 1. A rufe bakinsu da ƙyalle, a jera su a lungun aji, yara su riƙa dubawa kowace safiya suna rubuta abin da suka gani. A hana su ɗanɗanawa. Gani ya kori ji.

Tambayoyi

1. Don me ba a tafasa na'ana'a tare da sukari?
2. Wace kwalba ce za ta riga lalacewa, kuma don me?
3. In mai sayar da zoɓo ta sa manyan cokula 3 a kofi, giram nawa na sukari mai saye ya sha?