Kafin Ku Biya Kuɗin Naman Wagyu ko Kobe a Intanet

A shafukan Instagram da WhatsApp yanzu ana tallan yankan naman sa mai kauri, irin wanda ake gasawa a kasko, da sunayen Wagyu, Kobe ko Angus, a kan kuɗin da ya ninka na mahauci nesa ba kusa ba. Mai saye ba ya taɓa naman, ba ya sansana shi, hoto kaɗai yake gani. Amma kowane ɗaya daga cikin sunayen nan yana da ƙa'idar da ake iya bincikawa, kuma mai sayarwa na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya.

1. Ku san abin da ake sayar muku. Naman Kobe na ainihi yana fitowa ne daga shanun Tajima da aka haifa, aka yi kiwonsu, aka kuma yanka su a lardin Hyogo na Japan. Japanawa suna auna zare-zaren kitsen da ke ratsa tsoka daga 1 zuwa 12, kuma sai nama ya kai 6 kafin a buga masa hatimin Kobe. A ma'aunin darajar nama gaba ɗaya kuma, A5 ita ce mafi girma a wurinsu. Ostireliya ma tana kiwon Wagyu, wato shanu masu asali daga Japan, da yawa, sai dai akasarinsu an haɗa jininsu da na Angus. Nama ne mai kyau, amma bai kamata a sayar da shi da kuɗin na Japan ba. Shi kuwa Angus sunan irin saniya ne mai asali daga Sikotilan, ba daraja ba ce. A Amurka darajar ita ce Prime, sai Choice, sai Select.

2. Ku nemi lamba. Bayan ɓullar cutar haukan shanu a Japan a 2001, an yi doka a 2003 cewa kowace saniya ta ɗauki lamba mai alƙaluma 10 a kunnenta, kuma lambar tana bin naman har kanti. Duk wanda ya ce nasa na Japan ne, ku ce ya turo lambar da hoton takardar shaida. Ana iya duba lambar a intanet a ga ranar haihuwar saniyar da inda aka yanka ta. Idan ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.

3. Mazauna Najeriya su sani cewa naman shanu yana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su. Saboda haka mai cewa nasa "daga waje" ne, ko dai ta ɓarauniyar hanya ya shigo, inda babu mai ba ku tabbacin cewa bai narke a hanya ba, ko kuma na gida ne aka sauya wa suna.

4. Ku ƙura wa kitsen ido, domin nan ne algus ya fi yawa. Akwai masana'antun da ke ɗaukar tsoka maras kitse su yi mata allurar narkakken kitse ko man girki da injin mai allurai masu yawa, sannan a daskarar, a yayyanka. A hoto sai ka rantse Wagyu ne. Kitsen asali ba ya bin tsari: nan ɗigo-ɗigo, can siriri, wani gefen ya fi wani yawa. Na allura kuwa layuka ne masu kama da juna ko'ina, kamar saƙar gizo-gizo, kuma yankan duka girmansu ɗaya, zagayensu ɗaya. Da ya hau wuta sai ya tsiyaye mai ya motse. Akwai kuma wanda ake manna gutsattsarin nama da wani sinadari har su zama dunƙule guda. Ku duba zaren tsokar, in wani ya nufi gabas wani ya nufi kudu a yanka ɗaya, haɗi ne. Irin waɗannan ba guba ba ne, amma dole su nuna har ciki, domin allurar tana tura ƙwayoyin cuta daga saman nama zuwa tsakiyarsa. Abin da ya fi damuna shi ne a karɓi kuɗin mutum ba tare da an gaya masa ba.

5. Kada a manta da yanka. Yawancin mayankan Japan da Amurka ba yankan Musulunci suke yi ba. Kalmar halal a jikin talla ba ta wadatar. Ku nemi sunan hukumar da ta ba da shaidar, a jikin ledar kanta.

6. Ku buɗe kayan a gaban ɗan aike. Daskararren nama ya iso da tauri, wanda ba a daskarar ba kuma ya iso da sanyin firji, digiri 4 ko ƙasa. Manyan ƙwayoyin ƙanƙara a cikin leda, ko jan ruwa da ya taru gefe guda ya daskare, alama ce ta narkewa da sake daskarewa. Ledar da ta kumbura da iska, a mayar da ita.

7. Duhun launi kada ya tsorata ku. Naman da aka zuƙe wa iska yakan yi duhu-duhu, ya kuma ɗan yi wari lokacin buɗewa. Ku ba shi kamar minti 20 a faranti: mai kyau zai koma ja, warin ya tafi. In warin ya zauna, ko saman ya yi yauƙi, ya lalace.

8. Shanunmu, Bunaji da Bokolo, ba sa tara kitse cikin tsoka kamar na Japan. A tozo da ƙarƙashin fata suke ajiye shi, kuma kitsen na kiwon ciyawa yakan yi rawaya-rawaya, wanda ba aibu ba ne. Naman gadon bayan ɗan bijimin da aka turke, idan ya kwana biyu ko uku a firji kafin gashi, yana yin laushi sosai. In kuma kun ƙudurta sayen na intanet daga wanda ba ku taɓa hulɗa da shi ba, ku fara da yanka ɗaya, ku kuma ce ya turo bidiyon ainihin wanda zai aiko, da takardar jikinsa a bayyane.