Kafin Mu Sayi Na'urar Ɗaukar Murya



A zangon da ya wuce, ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta ɗauki saƙon murya a wayar malaminmu na kimiyya. Saƙon yana jan kunne ne kan niƙa dutsen zinare a cikin gida. Kowa ya san abin da gubar dalma ta yi a Abare, Dareta, 'Yargalma da Bagega a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a Zamfara. Mun so iyayenmu mata su saurara a waya, amma da na kunna wa kakata sai ta ce, "Ɗan nan, a cikin rijiya kuka yi maganar?" Ba ta gane ko rabi ba.

Yanzu mun tara ɗan kuɗi, wasu na cewa a sayi "akwatin situdiyo". Shi ya sa na zauna da malaminmu ya yi mini bayani, ga abin da na koya.

Hanyar da murya take bi

Murya tana bin matakai uku. Na farko makirufo, wanda ke mayar da sauti ya zama 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai. Na biyu firiyam, wato na'urar da ke ƙara wa wannan wuta ƙarfi. Na uku na'urar da ke mayar da ita lambobi don kwamfuta ko waya ta adana. Akwatin da masu situdiyo ke kira saunkad ya haɗa mataki na biyu da na uku. Misalinsa Focusrite Scarlett Solo da Behringer UMC22. Masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa a Kano da masu karanta labarai a gidan rediyo a Gusau, duk muryarsu sai ta bi waɗannan matakai kafin ta iso kunnenmu.

Abin lura shi ne firiyam ba ya zaɓe. Idan ka ba shi murya zai ƙara mata ƙarfi, idan ka ba shi kukan akuya da ƙarar injin niƙa, su ma zai ƙara musu.

Tambayoyi huɗu kafin saye

1. Wane irin makirufo ne? Akwai dainamik, irin wanda ake riƙewa a wajen taro. Yana da juriya, kuma ba ya kwaso hayaniyar nesa sosai. Akwai kuma kondensa, mai jin ko motsin takarda. Shi sai an ba shi wuta, don haka a duba ko akwatin yana da maɓallin da aka rubuta 48V.

2. Bakin kebul ya dace? Makirufon situdiyo yana amfani da kebul mai haƙori uku da ake kira XLR. Ba ya shiga waya kai tsaye.

3. Da me za mu kunna shi? Waɗannan akwatuna suna shan wuta ne daga kwamfuta ta USB. Za a iya jona wasu da waya ta kebul ɗin OTG, amma ba kowace waya ke ɗauka ba, kuma suna cinye batir. Mu da muke kai waya shagon caji, dole mu yi wannan lissafi.

4. Yana huci? A sa abin kunne, a murɗa maɓallin ƙara ƙarfi, a yi shiru. Idan an ji "shhh" da yawa, firiyam ɗin ba shi da kyau. A gwada a gaban mai shago kafin a biya.

Gyaran da ba ya cin ko kwabo

Mun gano babbar matsalarmu ajin ne. Bangon siminti da rufin kwano suna dawo da murya, shi ne amsa-kuwwar da kakata ta ji. Sai muka sake ɗauka a ƙaramin ɗakin ƙasa, muka shimfiɗa tabarmi, muka rataya barguna. Mai karatu ya bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin bakinsa da waya, muka rufe bakin makirufon da safa mai tsabta saboda iskar numfashi. Mun yi aikin da sassafe kafin a tayar da injuna. Da wayar nan dai ta farko, kakata ta ji komai, har ta ce a tura wa maƙwabciyarta.

Shawarata

Tunda ba mu da kwamfuta, kada mu sayi saunkad yanzu, ya zama mun sayi sirdi babu doki. Mu sayi ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, irin Boya BY-M1, bayan mun gwada shi da wayar malam. Ragowar kuɗin a ajiye. Ranar da makaranta ta samu kwamfuta da sola, sai mu nemi saunkad da makirufon dainamik.

Wanda yake da wata shawara ya zo taronmu na ranar Laraba bayan an tashi, domin a ranar za a yanke hukunci.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.