Yadda Ake Tace Bidiyon Wasan Hebi Metal

Ranar 19 ga Janairun 2001 ƙungiyar Iron Maiden ta hau dandamali a bikin Rock in Rio na ƙasar Barazil, a gaban mutum kusan 250,000. Cikin awa biyu aka yi wasan aka watse, amma faifan bidiyonsa bai fito kasuwa ba sai a 2002. Wannan tazarar, aikin tacewa ne ya cinye ta, kuma Steve Harris, mai kaɗa jitar bes wanda ya kafa ƙungiyar, shi ya zauna gaban kwamfuta ya yi aikin da hannunsa. Har yau masoyansu ba su daina musu a kan yadda yake yanka hoto ba, kuma musun yana da tushe. Wanda bai je wasa ba, abin da mai tacewa ya zaɓa masa shi kaɗai zai gani.

Hebi metal kiɗa ne da ya yi tsiro a birnin Birmingham na Ingila, garin ƙungiyar Black Sabbath, waɗanda suka saki kundinsu na farko a 1970. Jitar lantarki ce mai kaurin amo, da ganguna masu gudu, da mawaƙi mai ɗaga murya. A kan dandamali kuwa ga hayaƙi, ga harshen wuta, ga fitilu masu walƙiya, ga makaɗa da ba sa tsayawa wuri ɗaya. Duk abin da ke wahalar da kyamara ya hallara.

Shi ya sa aikin ke farawa tun kafin a buɗe ƙofar fili. Darakta yana karɓar jerin waƙoƙin da za a yi, ya kalli wasa ɗaya ko biyu na zagayen, sannan ya raba wa masu kyamara aiki. Akwai kyamarar da ake kafawa can baya kusa da teburin sauti, ba ta motsi, aikinta ta ɗauki dandamali gaba ɗaya. Ita ce mafakar mai tacewa a duk lokacin da sauran suka kasa. Akwai wadda ke kan doguwar sandar ƙarfe tana shawagi a kan jama'a, da waɗanda ke cikin ratar da ke tsakanin dandamali da shingen 'yan kallo, da na kafaɗa masu bin makaɗa, da ƙanana da ake maƙalawa a jikin ganguna. A wasan da Iron Maiden suka yi a Santiago ta ƙasar Chile a Afrilun 2011, wanda ya fito da sunan En Vivo!, kyamara 22 aka kafa, ban da wata mai tashi sama. Sauti kuma daban ake naɗarsa: kowace makirufo da layinta, har da waɗanda aka juya suna fuskantar jama'a. Sannan a haɗa kyamarori da na'urar sauti a kan agogo ɗaya, mai buga wa kowane hoto lambar awa da minti da daƙiƙa.

Idan an tashi daga wasa, abu na farko shi ne kwafe komai a wurare biyu ko uku. Kyamara 22 a wasan awa biyu, awa 44 ke nan na hoto. Sai a yi kwafi marasa nauyi waɗanda kwamfuta za ta iya juyawa ba tare da ta cije ba, a loda su cikin manhaja irin su Avid Media Composer ko Premiere Pro ko DaVinci Resolve, inda ake jera kyamarorin a allo guda kamar tagogi, duka suna tafiya tare.

Daidaita hoto da sauti shi ne inda ake fara gane gwani. Idan agogon nan ya yi aikinsa, an huta. Idan wata kyamara ta kuɓuce masa, sai a koma bin sautin da ita kanta ta ɗauka, kuma nan akwai tarko. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. Kyamarar da ke nesa da lasifika da mita 100 tana jin bugun ganga bayan kusan sulusin daƙiƙa, alhali haske ya riga ya iso mata. A tsarin Turai na hoto 25 a daƙiƙa, wannan jinkirin ya kai hoto 7. Wanda ya dogara da kunne kawai zai ga sanda ta sauka kafin a ji ƙara. Don haka ake neman wurin da sandar mai ganga ta taɓa fata, a tsayar da hoton nan, a ɗora shi daidai kan ƙarar. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: kuskuren hoto biyu ko uku a kan ganga, ko wanda bai san kiɗa ba zai ji wani abu bai zauna ba.

Kafin a fara yanka, ana so haɗin sauti ya kusa kammala, domin a kansa za a gina komai. A nan ne ake fuskantar tsohuwar jarabawa ta gyara a situdiyo. Kundin Judas Priest na 1979, Unleashed in the East, ya sha tsegumi har aka yi masa laƙabi da cewa a situdiyo aka yi shi, kuma daga baya mawaƙinsu Rob Halford ya yarda cewa an sake naɗar muryarsa. A faifan sauti ana iya ɓoye irin wannan. A bidiyo kuwa leɓe da yatsu suna tona asiri, sai mai tacewa ya riƙa guje wa fuskar mawaƙi yana fakewa da jama'a. A ganina, gyaran igiyar jita da ta tsinke ko makirufo da ta mutu ba laifi ba ne. Amma idan aka goge duk wata sarƙewar murya da hakin mutumin da ya yi awa biyu yana gudu, an cire dalilin da ya sa ake sayen faifan wasa maimakon kundin situdiyo.

Yanzu sai zuciyar aikin, wadda masu gaggawa ke tsallakewa: mai tacewa ya san waƙar. Yana sauraron ta ba tare da hoto ba, yana dasa alama a kan layin lokaci. Nan ne gabatarwa, nan baiti ya shiga, nan amshi, nan mai ganga ya yi birgima, nan solo ya fara, wato inda mai jita ɗaya ke fitowa fili sauran suna rufa masa baya. Kuma a kan kowane solo sai ya rubuta sunan mai shi. Iron Maiden suna da masu jita uku tun 1999, Dave Murray da Adrian Smith da Janick Gers, kuma masoyansu sun haddace wanda ke da kowane wuri. A waƙar The Trooper, Smith ne ke fara solo, Murray ya karɓa. Idan a daidai miƙa wannan sandar hoto yana kan tutar da mawaƙinsu Bruce Dickinson ke kaɗawa, ko kan wani saurayi da ke ihu a cikin taro, an yi asarar abin da mutane suka zo gani. Kamar a je ɗaukar dambe ne, a daidai lokacin da aka kai naushin kisa mai kyamara ya juya kan makaɗa.

Da wannan taswirar ake yin yankan farko. Ana kunna waƙa, ana danna lambar kyamarar da ake so, kamar yadda ake yi a watsa shiri kai tsaye. Wannan zubin ɗanye ne. Daga nan a koma a bi yanka ɗaya bayan ɗaya, ana tambayar dalilin kowanne.

Akwai lissafi a ciki. Waƙar da ke gudun bugu 160 a minti, kowace gaɓa mai bugu huɗu tana cin daƙiƙa ɗaya da rabi. Yawancin karin jita na wannan kiɗa gaɓa huɗu yake ɗauka kafin ya zagayo, wato daƙiƙa shida. Idan aka bar hoto ya zauna tsawon wannan zagayen, mai kallo zai ga hannun hagu ya hau wuyan jita ya sauko, ya ga inda aka fara da inda aka dire. Idan kuwa aka yanka a kan kowane bugu, hoto bai kai rabin daƙiƙa ba an ɗauke shi. Kafin ido ya gano ko wane ne a allo, an kawo wani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa tunda kiɗa yana gudu, dole hoto ya yi gudu. Gudun yana nan a wuyan hannun mai kiɗa, kuma ba za a gan shi ba sai an tsaya a kansa.

Faifan Live After Death na Iron Maiden, wanda Jim Yukich ya ɗauka a Long Beach ta Kalifoniya a Maris ɗin 1985, har gobe da shi ake auna sauran. Kowane hoto yana samun lokacin numfashi. A tsakiyar Rime of the Ancient Mariner, waƙa mai minti 13, akwai wurin da kiɗa ke lafawa, hayaƙi ya rufe dandamali. An bar hoton ya lafa tare da shi, shi ya sa idan ganguna suka dawo ake jin nauyinsu. Ɗauki Death on the Road kuma, wanda aka naɗa a Dortmund ta Jamus a Nuwamban 2003, Harris ne ya tace shi. Wasan ya yi kyau, sautin ma haka, amma ƙorafin da ya bi faifan shi ne saurin yanka, har wasu suka ce sauraro suke yi ba kallo ba. Abin ya ba mutane mamaki, domin wanda ya rubuta yawancin waƙoƙin ne ya yi tacewar. Ina ganin sanin da ya yi musu ne ya jawo haka: ya san abin da kowa ke yi a kowace daƙiƙa, yana so a ga duka, mai kallo kuwa abu ɗaya yake iya bi a lokaci guda. A En Vivo! sai aka nemi mafita ta hanyar raba allo gida biyu ko uku, don a nuna makaɗa da yawa ba tare da an yi ta tsalle ba.

Ba cewa nake yi sauri haramun ba ne. Jonas Åkerlund, wanda shi kansa ya taɓa kaɗa ganga a ƙungiyar Bathory ta Suwidin, ya ɗauki wasan ƙungiyar Rammstein a Paris a Maris ɗin 2012, fim ɗin bai fito ba sai 2017. Ya cika shi da yanka mai tsananin sauri, da rage gudun hoto, da siddabarun kwamfuta, kuma da gangan ya yi, domin fim ya nufa ba ajiyar tarihin dare ɗaya ba. Wasu sun yaba, wasu sun ce ba su ga wasan ba. Abin da ya kamata shi ne a yanke shawara tun farko a kan wanne ake yi. Wanda ya sayi faifai don ya ga yatsun mai jita yana da haƙƙi a kan mai tacewa.

'Yan kallo ma suna da gurbinsu. A Rio, lokacin da aka fara waƙar Fear of the Dark, jama'a ne suka ɗauki karin jitar da bakinsu, dubun dubatar mutane murya ɗaya. A nan su ne masu wasan, kuma dole kyamara ta koma kansu, mai haɗa sauti ya ɗaga layin makirufonsu. Abin ƙi shi ne a mayar da su abin toshe rami, ko a ɗauko murnar da suka yi a waƙa ta goma a liƙa a ta uku. Mai lura zai ga hannuwa suna tashi ba a kan bugu ba.

Idan dare biyu ko fiye aka ɗauka, kamar yadda Metallica suka yi a Edmonton da Vancouver a 2012 don fim ɗin Through the Never, sai an sa ido kan riga, da gumi, da irin jitar da ke rataye a wuya. Ƙungiyar da ba ta bin bugun na'ura a kunne ba ta kaɗa waƙa da gudu ɗaya a dare biyu, don haka hoton da aka aro daga wani daren gajere ake sa shi, kuma ba a kan yatsu ko leɓe ba.

Gyaran launi yana zuwa bayan an kulle yanka. Ana daidaita kyamarorin don kada fuskar mawaƙi ta yi ja a wannan ta yi ruwan toka a waccan. Jan haske da shuɗi mai kauri suna cinye bayanin fuska, harshen wuta kuma yana ƙone hoto ya koma fari fat, sai a bi su a hankali. Amma ba a haskaka duhun da mai fitilu ya tsara da niyya. Akwai kuma batun lafiya. Bayan wani shirin Pokémon ya kai ɗaruruwan yara asibiti a Japan a Disamban 1997, an ƙara tsaurara ƙa'idar walƙiya a talabijin. A Birtaniya ba a so walƙiya ta wuce uku a daƙiƙa, kuma ana bi da hoto ta gwajin Harding don kare masu farfaɗiya. Fitilun wasa da yanka mai sauri idan suka haɗu, nan da nan suke ƙetare wannan iyaka, sai a rage hasken ko a canja kyamara.

Daga nan a kai wa ƙungiya su gani. Kowa da buƙatarsa: wannan ya ce ba a nuna shi sosai ba, wancan ya ce a cire inda ya yi tuntuɓe. Mai tacewa nagari yana karɓar gyaran da ya shafi kiɗa, yana kuma kare tsawon hotunansa da hujja. Mataki na ƙarshe shi ne matse fayil don faifai ko intanet. Hayaƙi da walƙiya da yawan yanka su ne suka fi wahalar da wannan matsewar, domin kowane sabon hoto sai an zuba masa bayani daga tushe, in bai samu ba ya farfashe ya zama 'yan murabba'ai. Saboda haka ake kallon aikin daga farko har ƙarshe a babban allo da manyan lasifika, a sake kallonsa a waya, a koma a gyara duk inda ya farfashe kafin a miƙa shi ga masu bugawa.